Ranar da Muka Yi wa Tiyon Baba Wanka da Sabulu

Wata Asabar ce a kakar 1964, ana gab da buɗe kasuwar auduga, na kai wa Baba kokonsa na hantsi a rumfarsa da ke bakin hanyar Malumfashi a Funtuwa. Na tarar da shi tsugune gaban injinsa, ya zuba wa agogon da ke jikinsa ido kamar mai jinya. Ko kallon kwanon bai yi ba. Ina 'yar shekara tara a lokacin, amma na san duk abin da ya hana Baba shan koko da zafinsa ba ƙarami ba ne.

Baba kafinta ne mai ƙera bodin katako na manyan motoci, kuma a layinsu shi kaɗai ya mallaki injin feshin fenti. Wani ɗan inji ne mai shan fetur da ke tura iska cikin tanki, sai dogon tiyo na roba ya kai iskar ga bindigar da ke fesa fentin. A jikin tankin akwai agogo mai allura da ke nuna ƙarfin iskar. A wajen abokinsa Baba Lasisi ya saye shi, wani Bayarabe mai sayar da kayan mota, wanda 'yarsa Sikira haifaffiyar Funtuwa ce, ƙawata kuma abokiyar gaɗata. Sauran kafintoci sun sha yi wa Baba dariya, suna cewa, "Burushi dai bai taɓa tsayawa a tsakiyar aiki ba." Shi kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora wa injin nan. Kowace Juma'a da safe sai ya goge shi tas, ya aike ni wurin Inna in karɓo ludayin man gyaɗa daga wanda take matsewa, ya bi tiyon da tsumma yana shafawa don kada ya tsattsage, kamar yadda kakanmu yake yi wa guga da linzami.

To, a ranar allura ta ƙi zama. Inji zai yi ta rugugi har ta hau sama, da Baba ya matsa bindiga sai ta sulalo ƙasa, fenti ya riƙa fitowa tsit-tsit kamar tofi. Ga motar wani Alhaji daga garin Dayi tsaye da sabon bodi fari fat, ya kuma faɗa a gaban mutane cewa in kasuwa ta buɗe ba a fesa ba, Zariya zai kai ta. Kowa ya san in ya tafi, sauran masu motoci bayansa za su bi, masu burushi kuma su samu abin faɗa har baɗi. Baba ya ɗaure kowane noti, ya wanke bakin bindiga da kananzir, ya kwance ɗan famfon ƙasan tanki wani jan ruwa mai tsatsa ya tsiyaye, amma allura na nan da halinta. Sai ya ce in ruga in kira Baba Lasisi. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, daɗi kamar ya kashe ni don ni aka aika.

Baba Lasisi ya zo da Sikira a bayan kekensa. Ya sa aka cika tanki, ya rufe famfon da ke tsakanin tanki da tiyo, aka kashe inji, muka yi tsit. Allura ta tsaya cak. Da ya buɗe famfon sai ta fara sauka a hankali. "Malam Garba, tankinka lafiya lau," in ji shi, "a tiyo iskar take gudu." Suka bi shi da kunne, amma ƙarar zarto da motocin hanya ta hana su jin komai, tiyon kuma ya fi ƙarfin bahon ruwan da mai facin taya yake neman huji a ciki. Nan suka yanke shawarar a kaɗa ruwan sabulu a shafa.

Kafin a ce me, ni da Sikira mun tattaro yaran unguwa, har da waɗanda aka aika tallan gyaɗa da masu komawa gona roron wake. Inna ta ba da sabulun salo, muka kaɗa shi a ƙwarya har kumfa ta zubo. Aka miƙe tiyo daga rumfa zuwa gindin ɗorawa, aka jera mu kowa da rabonsa, aka tayar da inji. Ina shafawa ke nan sai ga wani ƙwan kumfa ya kumbura a ƙarƙashin yatsana, ya fashe, wani ya biyo. Na kwarma ihu. Sikira ma ta yi nata, sai ihu ya kama ko'ina, tiyo duk ya yi furanni. Mu murna muke yi, kowa na so nasa ramin ya fi na kowa girma, ba mu lura da yadda fuskar Baba take canzawa ba.

Baba Lasisi ya share wuri ɗaya, ya ga sawun ƙananan haƙora, ga robar ta yi laushi tana danƙo. Ya kai hanci ya sansana, ya dubi Baba. "Malam Garba, wannan tiyo ne ko ƙuli-ƙuli?" Ashe man ne ya jiƙa robar, ƙamshinsa kuma ya gayyato ɓerayen rumfa. Baba ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce, "Ni da hannuna nake yi musu miya."

Aka yanke wuraren da suka lalace, aka haɗa masu kyau da guntun bututu da waya. Tiyo ya gajarce har ba ya zagaya mota, don haka aka ɗora injin a kan amalanke, mu yara muna turawa, Baba na gaba da bindiga. Allura ta hau ta zauna daram, fenti ya fito lallausan hayaƙi, katako ya koma kore shar a gaban idonmu. Kafin la'asar masu burushi sun zo sun tsaya daga nesa, hannuwa a baya. Da Alhaji ya iso ya shafa bodin da bayan hannu, bai ƙara ambaton Zariya ba. Daga ranar aka rataye tiyo a sama, Inna kuma ta huta da ba da ludayin mai.

Yanzu jikana ne ke da shagon kujeru a kusa da wurin, har ƙusa da iska yake harbawa. In tiyo ya huje sai ya jefar ya sayo wani, ba yaron da ake kira, ba mai kaɗa sabulu. Na taɓa ba shi labarin man gyaɗar, ya yi dariya ya ce ai Baba ɓarna ya yi. Gaskiyarsa ne, amma har yau ban ga wanda ya so kayan aikinsa kamar Baba ba.