Albashin 'Ya'yana

Shekarar da soja suka koma bariki, rediyo kullum cewa take komai zai sake, sai ni ma na ga ya kamata in kawo sauyi a gidana. Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, muna haya a Makera, ciki da falo, ni da mai ɗakina da 'ya'ya mata biyu. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma rabinta a bakin kogi na yi ta ina kamun kifi. Amma da yake ranar biya sa hannu nake yi ba dangwale ba, sai nake yi wa kaina kallon ɗan boko.

Wani abokin aikina mutumin Kafanchan ne ya sa min abin a rai. Muna cin garau-garau a bakin get ya ce, "Malam, wannan kuɗin tara da kake miƙa wa yara kullum safe, ɓata su kake yi. Ba su a dunƙule su koyi tattali." Shi na mako yake nufi. Ni kuwa tsari ɗaya na sani a duniya, na kamfani.

Ranar da aka biya mu na tara gida na yi jawabi. Na ce daga yau kuɗin tara ya zama albashi, wata-wata. Tsakiyar wata akwai adibas ga wadda ta matsu. Wadda ta makara makaranta a yanke mata, wadda ta ɗebo ruwa fiye da ƙa'ida tana da obataim. Mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai da albashinka bai taɓa ganin tsakiyar wata ba, kai ne malamin tattali?" Na ce ai likita ma yana kwanciya ciwo.

Ƙaramar ni ta gado. Kafin mako ya fita ta narkar da nata a alewa da ƙanƙara, ta zo neman adibas tana sosa ƙeya, yadda nake yi a gaban akawu. Babbar kuwa daban take. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, sai na laƙaba mata Kashiya. Ita ce mai kan karatu, kuma burina a duniya guda ne, ta gama sakandare ta riƙe takarda ta zama nas. Duk sanda na wuce asibiti na ga masu fararen kaya, sai in riƙa auna su da tsayinta.

Albashinta na farko ba ta ci ko sisi ba. Ta sari ƙunshin alewa a kasuwa ta riƙa sayarwa a aji, ƙanwarta ce ma babbar kwastoma. Daga alewa ta koma gyaɗa, ta ƙara da biro. Ni kuma ina yawo ina cika baki a wurin mai shayi. Da yamma in zaunar da ita in ba ta darasin da ni kaina ban taɓa bi ba: a fara da ciki, sauran su biyo baya, kuma kada ki sa kuɗi inda ba zai dawo ba. Tana sauraro da ido biyu. Da na san haddacewa take yi, da na kama bakina.

Sai masaƙa ta fara tari. Aka koma rabin albashi, daga nan aka koma "a yi haƙuri," wata safiya muka tarar da kwaɗo a get. Ni ma a gida na bi sawu, na kira taro na sanar da rabin albashi, yara suka yi ta dariya. Sanarwa ta biyu ban kira taro ba, su ma ba su tambaya ba. Kullum mu tsofaffin ma'aikata mu je mu zauna a inuwar katanga muna jiran kuɗin sallama. In na dawo in tarar an ɗora tukunya, in yi kamar ban san daga jakar makarantar wa man ya fito ba.

A haka kuɗin jarrabawar ƙarshe ya taso. Na kai kekena aka saya, shi kaɗai ya rage mai daraja. Tsakanin gidanmu da makaranta akwai mai shago, akwai mai gidan haya, akwai kuma halina, don haka na ce kuɗin nan ba zai bi ta hannuna ba. Na damƙa mata na ce, "Kashiya, ke kika san kan kuɗi, je ki biya da kanki."

Da la'asar ta shigo, mai baro na biye da ita: kasko, jarkar mai, buhun waken suya.

Na ce, "Ina rasit?"

Ta durƙusa ta ce, "Baba, na yi lissafi. In na biya, takarda sai bayan watanni. In ta fito, wa zai biya makarantar nas? Kafin nan me za a ci?"

"Ke na sa ki ciyar da gidan nan?"

"A'a, Baba. Amma a cikin waɗanda kuke zama da su a bakin get, ai har akawun yana nan, da takardunsa."

Na ɗaga hannu, na rasa wanda ya kamata ya sauka a kansa, na mayar. Uwarta ta shige ɗaki. Washegari na ɗauki kaskon zan mayar kasuwa, na ga gindinsa ya yi baƙi. Tun asuba ta ɗora shi a wuta, don ta san kaskon da ya sha wuta ba a karɓarsa. Na je makaranta na roƙi alfarma, malamin ya saurare ni da mutunci, ya ce shi ma tura kuɗin yake yi, ba nasa ba ne. Na bi abokan zama ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya min aljihu. Aka rufe rajista ina yawo.

Safiyar jarrabawa ina bayan labule ina leƙe. Tana ƙofar gida tana suyar awara, 'yan ajinsu suka biyo cikin kayan makaranta, suka tsaya saye. Ɗaya ta ce, "Ke, da gaske ba za ki zo ba?" Ta ce, "In sa miki yaji?" Ta ƙulla musu, ta ba su canji daidai, ta bi su da ido har suka sha kwana, sannan ta koma kan kaskon don awarar ta fara ƙonewa. Ba ta sake shiga aji ba.

Can ƙanwarta ta shigo min da faranti. Na ce a mayar, ni ba zan ci kuɗin jarrabawa ba. Ta ajiye a bakin tabarma ta fita. Na juya wa farantin baya, na yi ta jan carbi ina jin ƙamshi. Kafin a kira azahar na cinye, har yajin na lashe.