Baba Inji, Mutumin da Ya Kashe Giwarsa da Hannunsa

Kafin ma'aikatan masana'antar sabulu su fara shigowa, Baba Inji ya riga ya rataye rigarsa ta gida a ƙusar bayan ƙofa, ya zura shuɗiyar ta aiki, ya ɗauki bokiti da dogon buroshi ya hau rufi. Can sama farantan sola sun jeru sahu-sahu suna jiran rana. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wanke kashin tsuntsaye, yana yi wa tattabaru faɗa kamar suna jinsa. In ya sauko ya shiga ɗakin batura, ya ɗora tafin hannu a jikin kowanne kamar mai duba zazzaɓin jika. Sai ya gamsu sannan zai zauna ya sha shayinsa, wanda kullum ya huce kafin ya kai gare shi.

A wannan watan ya ajiye aiki, kuma bai kamata mutum irinsa ya tafi shiru ba.

Ba a kan sola ya samu sunansa ba. Tun yana da baƙin gashi aka ɗauke shi kula da janareta biyu na masana'antar. Babban ya raɗa masa Giwa, ƙaramin Auta. Da kunne yake gane ciwonsu. Yana cikin cin abinci zai ajiye cokali ya ce, "Giwa na tari," kuma in aka buɗe sai a tarar da gaskiyarsa. Mai ɗakinsa ta sha cewa da Giwa na iya dafa abinci, da ba ta ƙara ganin ƙeyarsa a gida ba.

Wata safiya matar da ke sana'ar wanki da guga a bayan katangar masana'antar ta iso bakin ɗakin inji, riƙe da farin zanen gado da baƙin hayaƙi ya yi wa ɗige-ɗige.

"Baba, wannan wace irin dabara ce?" in ji ta. "In sayi sabulunku in wanke, hayaƙinku ya ɓata, in dawo in sake saye. Ku ne cutar, ku ne maganin?"

Baba Inji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta dara, amma da za ta juya sai ta sassauta murya.

"Zane kam yana wankuwa, Baba. Ƙirjin 'yata ne ban san da me zan wanke ba."

Wannan magana ta zauna masa a rai. Daga ranar, duk sanda ya tayar da Giwa sai ya ɗaga kai ya ga inda iska ke kai hayaƙin.

Ba a jima ba kasuwa ta buɗe, aiki ya fi ƙarfin injinan. Mai kamfani ya tara manyan ma'aikata ya ce zai sayo janareta wanda ya ninka Giwa. Sai wata matashiyar injiniya da aka ɗauka kwanan nan ta kawo wata shawara. Ta ce a bi doguwar hanya: a naɗe bututun tururi don zafi ya daina tsiyaya, a sauya tsofaffin motocin injin haɗa sabulu da masu ƙarancin cin wuta, a shimfiɗa sola a rufi kaɗan-kaɗan, a ƙarshe a raba tukunyar tururi da baƙin mai. Ta ce hayaƙin nan ba a kan maƙwabta kawai yake tsayawa ba, iskar kabon da ke cikinsa sama take taruwa tana ƙara wa duniya zafi. Ta kuma faɗi gaskiya: abin zai ci dukiya, kuma sai an yi shekaru kafin a ga riba.

Mai kamfani ya juya wajen Baba Inji, yana da tabbacin ya samu ɗan goyon baya.

"Kai ne uban injinan nan. Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, a bi maganar yarinyar nan."

"Ka dai san in aka bi ta, wata rana babu Giwa, babu mai kula da Giwa?"

"Na sani. Amma na daɗe ina ba ka wuta ina ba maƙwabta tari. Ina so in ga ƙarshen wannan da idona."

Da ya kai labari gida, mai ɗakinsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, mutane na neman ƙarin girma a wurin aiki, kai ka je ka nemo wa kanka sallama?"

"Ai ba za su kore ni ba, sabon aiki zan koya."

"Da wannan furfurar?"

"Da ita. Ba ita za ta riƙe sukurdireba ba."

Haka kuwa aka yi. Ya sayi tabarau, ya zauna gaban injiniyar yana tambaya ba kunya. In bai gane ba ya ce, "'Yata, sake, kan ya tsufa." Ita ta koya masa karanta allon batura, shi ya zaga da ita lungu-lungu yana nuna mata inda kowane bututu ya bi. Masu aikin tukunya sun shaida cewa shi da kansa ya naɗe bututun da kowa ke gudu saboda zafi, ya fito jiƙe sharkaf yana tsokanarsu cewa ya rage ƙiba kyauta.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. Wata damina iska mai ƙarfi ta yaye sahu guda na farantan ta watsar a tsakar masana'anta, ga kuma babbar odar sabulu ana jira. Abokan hannun jarin mai kamfani suka yi caa, suka ce dama sun faɗa, a daina wasan yara a sayo janareta. Injiniyar ta tsaya cikin tarkacen gilashi idonta ya ciko, don ta san aikinta ne ke lilo.

Baba Inji bai tsaya jayayya ba. Ya tayar da Giwa da Auta, ya lallaɓa su har aka gama odar aka loda. Sannan ya ɗauko karyayyen tsinken ƙarfen da ke riƙe da farantan ya ajiye a kan teburin mai kamfani.

"Ranka ya daɗe, ga mai laifin. Maɗauri ne ya gaza, rana ba ta yi mana komai ba. A sa mai kauri, a ci gaba."

Mai kamfani ya juya ƙarfen a hannu, sannan ya ce a ci gaba.

Shekaru suka tafi, rufin ya cika, batura suka ƙaru, tukunyar tururi ta koma lantarki. Ranar da za a yi ban kwana da Giwa, aka ce babu mai taɓa makunnin sai shi. Ya goge ta tas da tsumma, ya shafa gefenta, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, tsohuwa," ya murɗa. Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne aka gano cewa Baba Inji da ihu yake magana, shekara da shekaru babu wanda ya lura. Mai ɗakinsa ta ce ita ta lura, ba a tambaye ta ba ne kawai.

Baba, kai ne ka so injinka kamar ɗa, amma ka fi son numfashin 'ya'yan mutane. Kai ne ka yarda sana'ar da ka ƙware a kanta ta mutu, ka koma ɗalibi da furfura. Ba a sa hotonka a allon talla ba, amma yau masana'antun da ke layinku suna turo mutanensu su hau rufin nan su gani, kuma kai suke nema ka zaga da su. Mai haƙuri da sabon abu, sannu da aiki.

A taron sallamarsa, mai kamfani ya miƙe gaban kowa ya ce masa ya faɗi duk kyautar da yake so. Baba Inji ya gyara tabarau, ya nuna bakin ƙofa inda motocin rarraba kaya ke tsaye.

"Ranka ya daɗe, waɗancan har yanzu dizal suke sha."

Mai kamfani ya dafe kai. "Ko yau ba za ka bar ni in huta ba?"

"Ni ne mai hutawa, ranka ya daɗe. Kai da sauranka."

Aka kwashe da dariya, amma kafin a watse sai da mai kamfani ya yi alkawarin motar lantarki ta farko, injiniyar kuma ta ce ita ce shaida.

Mun gode, Baba Inji. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa. Ku kuma masu masana'antu da ma'aikatansu, kowa ya fita waje gobe da safe, ya dubi abin da ke tashi daga rufinsa, ya ga gidan wa yake sauka. Sannan ya koma ciki ya faɗi gaskiya, ko da kujerarsa ce za ta girgiza.