Fitilar Madam Yendu

Ranar wata Asabar a watan Yunin 1993, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan muna juye wanda muka tara a cikin randuna, sai ga Baba ya shigo gidanmu na Zongon Sokodé rungume da wani abu naɗe a tsohon zane, yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ina da shekara tara a lokacin. Ya ajiye shi a kan kifaffen turmi, ya warware zanen, muka ga wani abu kamar kwano a kife bisa doguwar ƙafa ta tagulla. Kwanon duk gutsattsarin gilashi ne, kore da shuɗi da ja da ruwan zuma, an jera su sun ba da siffar ganye da furanni, an liƙe tsakaninsu da dalma. Rana ta leƙo ta bayan mangwaronmu ta bugi gefensa, launuka suka zubo a kan jiƙaƙƙen siminti har kan yatsun ƙafata. Na kai hannu, Baba ya ce, "Kul, Rakiya! Fitila ce, kuma ba tamu ba ce."

Baba mai aikin gwangwani ne a kasuwa. Yana yanka gwangwanayen madara da na tumatir ya yi aci-balbal da mazurari, yana liƙe fitilar ƙwai idan gindinta ya huje. Mai fitilar kuwa wata tsohuwar ungozoma ce ta asibiti, Madam Yendu, mutuniyar Dapaong. Wata baturiyar likita da suka yi aiki tare ce ta bar mata ita. Madam ta gama aiki za ta koma garinsu, wajen ɗaure kaya fitilar ta faɗi, jajayen furanni uku suka farfashe. Ta kawo wa Baba ta ce ya gyara a tsanake, duk ranar da ya gama ya aika mata. Ya ɗora ta a kan kabad ɗin ɗakinsa ya lulluɓe, ta zauna nan shekara huɗu.

Ba za ta kunnu a gidanmu ba ko da ya so, domin ta kuran ce, wato lantarki, mu kuwa ba a jawo mana waya ba. Fitilar ƙwai biyu gare mu da aci-balbal ɗaya ta madafa, kuma kula da su aikina ne. Kullum in na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na kai wa Inna ruwa daga famfo, sai in zauna da toka da tsumma ina goge baƙin hayaƙin da ke jikin ƙwan, in datse lagwani, in ɗauki kwalba in je sayo kananzir wajen wata Bakotokoliya a bakin titi. Ƙawayena suna can suna buga wasan tsalle na ampe, ina jiyo tafinsu da ihunsu ta bayan katanga, ni ina nan hannu baƙi ƙirin. Kayana na lakwal duk warin kananzir suke yi, kuma sau biyu mushe, malamin ajinmu, ya dake ni a kan tabon da ya gani a shafin lissafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in shiga share ɗakin Baba, in ɗaga gefen zanen nan, in ga abu mafi kyau da na taɓa gani a rayuwata yana zaune cikin duhu ba ya yi wa kowa amfani.

Gyaran bai wuce aikin yini guda ba, da a ce akwai jan gilashi. Kore ba ya wuya, kwalaben lemo sun cika bola. Ruwan zuma akwai a kwalaben magani. Ja ne babu a duk faɗin Sokodé. Na mai da nemansa sana'ata. Na daina carafke a lokacin hutun lakwal, na koma tonon bayan gareji da gefen tasha, har na yanke a diddige na yi mako ina ɗingishi. Ranar da muka je gonar doyar Kaka ma idona a ƙasa yake. Na taɓa samo fasasshen murfin jar fitilar bayan mota, na sheƙo gida da gudu, Baba ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce roba ce. Na ce to ya shafa wa farin gilashi jan fenti, wa zai sani? Ya ce, "Ni zan sani." Inna da ke tace gasarar koko ta yi tsaki ta ce, "Ƙyale babanki, haka Allah ya yi shi."

Ina da shekara goma sha biyu aka jawo mana kuran. Aka rataya ampul, ƙwan lantarki, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ɗakin Baba. Tun kafin mai waya ya sauko daga tsani na tsaya a ƙofar ɗakin ina jira. Na ce, "Baba, sau ɗaya tak. In gani, a kashe." Ya ce shi aikinsa gilashi da dalma, wayar fitilar tsohuwa ce, idan ta kama da wuta me zai ce wa mai ita? Na yi kuka, na ƙi cin tuwo, na ce matar nan ta manta da mu tuntuni, wataƙila ma ta mutu. Bai dake ni ba. Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Ranar da za a haife ki, Innarki ta riga ta kwana biyu tana naƙuda, kowa ya cire rai. Matar nan ba ta je gida ba, ba ta ci abinci ba, sai da ta fitar da ku biyun da rai. Kayanta ba abin gwaji ba ne." Amma haushina bai ragu da ko ƙwaya ɗaya ba.

Jan gilashin daga Blitta ya zo. Wani abokin Baba direban babbar mota, Baba Salifu, ya tsinto shi wajen mai saida tsofaffin ƙarafa, daga jikin irin fitilar hannun da ma'aikatan jirgin ƙasa ke ɗagawa a da. Baba ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo. Kwana uku yana yanka yana goge bakin da dutse, ya ɗora ƙarfen liƙi a gawayi, ya zauna da furannin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ba ka iya bambanta sabo da tsoho. Ya ce ba zai ba kowa saƙo ba, da kansa zai kai, kuma in shirya in raka shi.

Muka bi motar Baba Salifu da zai kai kaya Cinkassé. Fitilar tana kan cinyata cikin kwando da tsummoki, duk ramin da muka faɗa sai in ƙara rungume kwandon. Muka ratsa tsagaggen dutsen Alejo, muka wuce Kara da Mango, itatuwa suna raguwa, zafi yana ƙaruwa, ni dai abu ɗaya ne a raina: yau zan gan ta a kunne. Muka tarar da Madam Yendu a raye, ta rame, idonta ya yi rauni, tana zaune a inuwar darbejiya. Ta shafa furannin da yatsa, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana dariya, ta ce da ɗanta cikin Hausarta ta 'yan koyo, "Kunna ma yarinya shi gani." Ya sosa ƙeya ya ce ai iskar shekaranjiya ta kayar da turken waya, unguwar duka babu kuran, ba a san ranar gyara ba. Madam ta juyo wajen Baba ta tambaye shi yadda ta yi da ya kunna ta a gida. Ya ce bai taɓa kunnawa ba. Ta tafa hannu ta ce, "Haba, Malam Idi! Shekara huɗu? Wa ya hana ka?" Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Washegari da hantsi motar ta dawo, muka hau. Daga Dapaong har Sokodé fuskata na wajen taga, ko gyaɗar da ya saya mini a Mango ban karɓa ba.

Yanzu aure ya kawo ni Dapaong ɗin, na gina gidana, na zaɓi fitilun kowane ɗaki da kaina. Na sha ganin hotunan irin waccan fitilar a waya, na karanta cewa a ƙasashen Turawa aka fara yin su fiye da shekara ɗari da suka wuce, da ragowar gilashin tagogi masu launi. Na nemi gidan Madam, an ce 'ya'yanta sun sayar sun koma Lomé. 'Ya'yana kuwa abin da suka so gani danna shi suke yi ya bayyana, ba su san jiran shekara huɗu ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Baba ya rasu bara waccan, bai taɓa ba ni haƙuri a kan maganar ba, ni ma ban taɓa cewa na huce ba. Har yau ina jin haushinsa, kuma da zan samu ya dawo in ci gaba da ji a gabansa, da na so.