Bula a Wuyan Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Kawu, yayan mahaifiyata, ya ci kujerar kansila. Daga ranar ya san komai, har da aikin likita.

Wani ƙulli ne ya fito wa Inna a ƙarƙashin kunnen dama, ba zafi, ba zazzaɓi. Kawu ya leƙo gidanmu a Ƙofar Marusa, ko zama bai yi ba, ya ce hangum ne, a ɗiga mata bula kamar yadda ake yi wa yara. Inna ta yi hangum tun tana ƙarama, ita ta gaya mini, amma ba ta musa wa yayanta magana. Ni ce mai ɗigawa kowace safiya. Har tsara ɗigon nake yi kamar taurari, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan kwalliyar ba.

Da yatsana na fara jin kaluluwa uku a wuyanta, masu tauri kamar ƙwallon dabino, ba sa motsi. Sai bakinta ya karkace, idon dama ya ƙi rufuwa. Kawu ya ce iska ce ta buge ta, ya aiko direba da ƙullin hayaƙi.

Ranar da ya tafi taron jam'iyya na kai ta asibiti. Likitar ta sa siririyar allura ta zuƙo kaɗan daga ƙullin, kaɗan daga kaluluwar, aka aika Zariya. Da sakamako ya dawo, ta ce ciwon daji ne na wurin da ke samar da yawu, irin wanda ba a cika gani ba, kuma ya riga ya gangara wuya. Ta tambayi tun yaushe. Na ce wata biyar. Ta dubi shuɗin da ya rine fatar Inna.

Da hantsin ranar tiyata Kawu ya shigo, babbar riga na ƙamshin turare.

"Ai tun farko na ce a kai ki asibiti," in ji shi.

"Haka ne, Yaya," Inna ta amsa da rabin baki.

Ban gaishe shi ba. Na ci gaba da goge mata wuya da ruwan ɗumi.

An cire ƙullin da kaluluwar duka, har da jijiyar fuskar da ciwon ya cinye. Inna ta dawo gida, ta rayu. Da gefe ɗaya take yi mini murmushi yanzu.