Igiyoyin da Ban Kai Ba

Daga Madawa muka tashi, an sallame sallar asuba ke nan, kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Baba. Mu uku ne: ni, da kawuna, da dattijon da ya shekara ashirin yana kora wa Baba jakuna. Jaki shida muka ɗaura wa kaya. Biyar na ɗauke da tabarmi da albasa da ɗan kilishi. Na shidan ba abin sayarwa a bayansa, igiyar kaba ce naɗi uku da wasaki uku sababbi, wato gugan fata. Ku abokan fataucin Baba da kuka aiko da ta'aziyya, kuna tambayar labarin hanyar arewa, ga shi. Sai dai ku yi haƙuri, labarin hanyar ya haɗe da wani wanda ban so faɗi ba.

Kun san Madugu Isuhu wurin ciniki, amma ban tsammanin kun san shi da igiya. A ƙasarmu rijiya ta kowa ce, guga kuwa na mai shi ne. Matafiyin da ba shi da guga yana iya wuni a bakin rijiya yana leƙen ruwa. Baba ya taɓa yin irin wannan wunin yana saurayi, bai kuwa manta ba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya zaɓi rijiya uku a kan hanyarsa ta Keita, ya ajiye igiya da wasaki a kowacce, hannun wani tsoho ko tsohuwa, don duk mai ƙishi ya ara. Kowace shekara yana sauya su.

Shekara biyu da suka wuce ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ayari ya dawo hannuna. Yaƙin Nasara ya sa fata ta yi wuya, an kuma karɓe mana raƙuma biyu. Na dubi jaki guda cur da kayan da ba a sayarwa, na ga asara. Na bar igiyoyi na ɗora albasa. Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma dubana ya yi mini tambaya. In na dawo na durƙusa, sai ya juya wajen Inna ya ce, "Tambayi mutumin ga, ya kai igiyoyi?" Ni kuma in dubi ƙasa in ce na kai. Sau biyu na faɗa. Ya rasu yana sa mini albarka a kai. To, abin da ya fitar da ni ke nan: in kai igiyoyin, in sanar da rasuwar, in roƙi tsofaffin nan uku gafara. Dattijon jakuna ya san zancen, don tare muka yi tafiyoyin. Kawu bai sani ba.

Farkon bazara ne, fadamar Madawa duk warin albasa, ana ta tono ana shanya gabu. Mun bi gwadaben kumandan, babbar hanyar da Nasara suka sa aka yi, har hantsi. Mun tarar da mutanen aikin tilas suna fasa dutse a gefen hanya, muka gaishe su a hankali muka wuce, don mutum ba ya son a daɗe ana kallonsa a wannan hali. Mai gadinsu ya tsayar da mu ya nemi takardar hanya. Ya riƙe ta ƙasa a sama, ya daɗe yana karantawa, sannan ya ce ta yi daidai, albasa biyu kawai ta rasa. Muka cika masa.

Daga nan muka hau tudu. Wanda bai taɓa bin ƙasar Adar da jaki ba ya tanadi takalmi biyu. Dutse ne baƙi, ƙanana da manya, har iyakar gani. Kawu ya ce ran da aka gama rabon duwatsun duniya, nan aka kakkaɓe buhun. Mun yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar.

Washegari da azahar muka gangara kwarin Majiya muka shiga Tama. Bayan wancan dutsen, ganin kore sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka. Ga lambunan taba da albasa, ga mata ko'ina da mazari suna kaɗi, don tufafin kanti sun ɓace. Zanen saƙin da ake bayarwa a damin gero biyu, bana sai huɗu, mai shi kuma yana ɗaure fuska. Masu audugar ajiya a cikinku, ku riƙe wannan.

Igiyar rijiyar farko tana hannun wata tsohuwa, Inna Hajo. Da na faɗa mata rasuwar ta yi salati, ta rufe fuska da gefen zane ta daɗe. Sannan ta share ido ta dube ni.

"Kai na ɗan farin? Kai na mai wucewa ta bayan gari kamar wanda yas saci akuya? Na gane ka, bara da bara waccan."

Na ce ni ne, na kuma zo neman gafara. Kawu ya juyo ya dube ni.

"Na yahe," in ji ta. "Amma ka bar albasa ukku, tarar rashin gaisuwa."

Ruwan Tama kusa yake, gaba huɗu ka same shi, maƙwabta kuwa sun tufka mata igiyar rama tun da ta Baba ta ruɓe. Na damƙa mata sabuwar. Ta dama mana fura da nono mai tsami. Muna sha tana ba mu labarinsa. Ta ce kowane zuwa, in ya cire hula zai yi alwala, sai ta ga tsinkayen ciyawa a ciki, dogo da gajere. Ta tambaye shi, ya ce awon ƙafafun 'ya'yansa ne, kar ya sayo takalmin da zai matse wani. Na tuna yadda yake tara ƙannena a tsakar gida daren tafiya yana gwada ƙafarsu. Tawa ba ya gwadawa, amma takalmina bai taɓa zuwa ba daidai ba. Na bar Tama da sauƙin zuciya, ina cewa ashe laifin bai kai yadda na ɗauka ba.

Buza muka tarar ranar kasuwa. Garin na kan tudu, barikin Nasara na kallon kowa daga sama. Ana tsakiyar karɓar lanho, wato haraji, saboda haka awaki sun yi araha, masu su kuwa ba mai fara'a. Tabarmi ta yi kasuwa. Mun ci dambu da man shanu wurin wata mata a bakin kasuwa, wanda yaji ya yi masa yawa har kawu ya tambaye ta ko mun taɓa yi mata laifi.

Rijiya ta biyu tana arewa da garin, igiyarta hannun wani gurgu, Malam Ango. Tsohuwar igiyar Baba na same shi da ita, ƙulli a kan ƙulli, wasakin kuma duk faci, in ka jawo rabin ruwan ya koma. Ya karɓi ta'aziyya, ya karɓi sabuwar igiya ya shafa ta da hannu biyu. Ya ce ya yafe. Ya ƙara da cewa, "Igiya in ta cika ƙulli mutane ba su aro. In ba su ara ba, ƙwarya ba ta ganin komi." Na dubi inda ya nuna, wata ƙwarya ce kife a gindin ice. Ban gane ba, na kuwa ji kunyar tambaya.

Sai da muka yi nisa dattijon jakuna ya matso kusa da ni. Ya ce duk wanda ya ari guga yakan jefa ɗan abu a ƙwaryar, tafin gero, ko curin fura, ko dabino biyu. Ba a tambaya, ba a kuma hanawa. Ya ce in na lura, Baba bai taɓa ba mai ƙarfi ko mai 'ya'ya igiya ba. Yana neman wanda ba shi da kowa, wanda kuma zai gwammace yunwa da roƙo. "Igiyar ga gonassu ta," in ji shi. Sau biyar na bi Baba wannan hanya, igiya kawai na gani. Na ce don me bai faɗa mini ba ran da na sauke kayan. Ya ce, "Kai na madugu ran nan. Ni jaki ni ka kora."

Daga nan ban ƙara jin daɗin hanya ba, na matsa mu yi sauri. Mun kwana Tabotaki. Ƙasar ta nan buɗe take, gonaki jefi-jefi, dabbobi sun fi mutane. Nono araha, gero tsada. Hausarsu gauraye take da Buzanci, sai ka kasa kunne. Da safe muka miƙi hanyar Keita. Rana ta ɗaga sosai sa'ad da tsohon jakin Baba, wani baƙi mai yagaggen kunne, ya ratse da kansa ya bi wata 'yar turba ta hagu. A tafiyoyina biyu nan wurin ne na sa aka dake shi ya koma layi. Wannan karon muka bi shi.

Rijiyar nan gaba talatin ce. Ka jefa tsakuwa sai ka yi numfashi kafin ka ji ta. Kusa da ita akwai aduwa, gindin aduwar kuma bukka ce da ta faɗi, iska ta kwashe rabin ciyawar. Wata mata na shayar da awaki da gugan gidansu. Na gaishe ta na tambayi Tsoho Agali, wanda Baba ya bar wa igiya ta uku.

Ta ce ya rasu cikin damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, saura kaɗan sabon gero ya nuna. Ba ta san ko ni wane ne ba, don haka ta ba ni labarin yadda ake ba baƙo. Idonsa ya kusa mutuwa, 'ya'yansa duk sun riga shi. Igiyarsa ta tsinke bara da bazara, wasakin ya faɗa ciki. Kaba ba ta fitowa a ƙasarsu, balle a tufka gaba talatin. Mutanen gari sun riƙa aika masa da tuwo, wani ya ci, wani ya mayar, yana cewa shi ba mabaraci ba ne, mai tsaron gugan Madugu ne. Kullum yana gindin aduwa yana sauraren hanyar kudu. Ta ce rannan wani ayari ya wuce bai ratso ba, tsohon ya miƙe ya ce jakunan Madugu ne, ya san kukan ɗaya. Suka ce masa ba su ba ne. Ya ce to, in su ne za su komo.

Na ce mata ayarin nan nawa ne, ni ne ɗan Madugu. Ta dube ni, ta dubi naɗin igiyar a bayan jaki. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ashe kunnenshi bai yi ƙarya ba."

Ta nuna mana kabarin, an jera masa duwatsu. Muka yi addu'a. Na zo da kalmomin da na shirya tun daga Madawa, ba wanda zan faɗa wa. Mai garin ya taimake ni muka sami wata gwauruwa marar kowa, muka damƙa mata igiya da wasaki. Ni na fara ja, don in tabbatar ta kai. Ta kai, har da saura.

Keita ba ni da abin faɗi mai yawa. Tabki ya ja baya, ana shuka a gefensa. Albasa ta ƙare ran da muka sauka, kilishi ma haka. Cuku yana da kyau bana, kanwa ta yi ƙaranci. An ce cinikin ya yi kyau. Kawu ne ya yi yawancinsa.

Kwana biyar muka yi a komowa, muka shiga Madawa da la'asar. Na tarar da Inna tana tsintar wake a faifai, tana cikin takaba. Na durƙusa inda na saba durƙusawa, na faɗa mata duka, tun daga albasar da na ɗora har zuwa duwatsun kabarin. Ba ta daina tsinta ba har na gama. Sannan ta yi magana tana duban faifan.

"Ta bakina ƙaryar ga ta bi tas same shi. Wannan nawa na, na yahe. Na mutum biyun can da sunka rasu, ba ni da ikonshi. Ka riƙe abinka har ka iske su."

Na ce to.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma na makara da koyonsa. Na ɗauka alherin mutum yana tsayawa ran da aka rufe shi. Na Baba a hannuna ya tsaya, yana da rai, yana kwance a ɗaki yana murna. In wani cikinku ya gaji wata al'ada daga uba bai ga amfaninta ba, kar ya sauke ta sai ya je ya ga wanda ke ci daga gare ta. Hanyar arewa lafiya take, ruwa akwai a rijiya ukun. Wanda zai bi ta rijiyar aduwa, ya tsaya ya yi wa Tsoho Agali addu'a. Tawa ni kaɗai ban san ko ta isa ba.