Bai Taɓa Kayar Da Kowa Ba

Ni mutumin Kaura Namoda ne. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, waɗanda suka san ni kuwa sun riga sun san abin da na aikata. Ina magana ne da matasa masu waya a hannu da zaƙin baki, irin yadda nake a da.

Kafin in lalace, yaro ne ni da ake yabo a unguwa. Na gama sakandare, aiki bai samu ba, sai na riƙa zama a shagon cajin waya na wani abokina kusa da tasha. Abu ɗaya Allah ya hore mini, na iya tsara magana. Mai neman aure ya zo in rubuta masa saƙo, mai neman aiki ma ya zo. Idan aka ce, "Kai, yaron ga akwai baki," sai kaina ya kumbura har in rasa inda zan sa shi.

Wata rana wani dillalin dawaki mai suna Alu ya kawo wayarsa caji. Ya ce, "An ce mini kai ka iya rubutu. Ina da goɗiya, ta sha kasuwa ba wanda yat taya. Sa min ita cikin wayar ga."

Na bi shi turke. A ranar na fara koyon yadda ake tallar doki, kuma wallahi sana'a ce mai kyau ga wanda ya tsaya a kan gaskiya. Da safe ake ɗaukar hoto, bayan an wanke dokin, a tsayar da shi ta gefe yadda ƙafafunsa huɗu za su fito. A ɗauki ɗan bidiyo yana tafiya, a ga taku. A rubutun kuma ba a cika surutu. A faɗi launinsa, kili ne ko akawal, a faɗi shekarunsa yadda haƙora suka nuna, a faɗi abin da ya saba ci da aikin da ya iya, sai farashi da lambar waya. Na sa tallar a zauren masu dawaki na waya, kafin kasuwar Shinkafi ta zagayo an sayi goɗiyar. Alu ya ba ni rabona, na je gida ina taƙama.

Daga nan dillalai suka san ni, daga Kasuwar Daji har Zurmi. Daga nan kuma na fara zamewa, a hankali, yadda ko ni ban lura ba. Wani doki yana da tabo a cinyar hagu, sai na ɗauke shi ta dama. Wani ya tsufa, sai na rubuta "ya san aiki." Wani rago ne, ko an yi masa bulala ba ya sukuwa, na rubuta "mai natsuwa." Mai cizo kuwa na ce "akwai kuzari." Masu saye suka fara kira suna zagi, ni kuma in ce musu su koma su karanta, su nuna mini inda na yi ƙarya. Ba su iya nunawa. Abin alfaharina kenan a lokacin, har ina gaya wa abokaina cewa ni ban taɓa rubuta ƙarya ba. Mahaifiyata ta ji labari ta ce mini, "Ɗana, wanda yas sai aibi bai sani ba, kai ka ɗauki alhakinai." Na yi dariya na ce zamani ne ya canza.

Sai aka kawo wa Alu wani akawal daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Ban taɓa ganin doki mai kyansa ba, baƙi wuluk, wuya a miƙe. Mai shi ya rabu da shi a wulakance saboda tun ranar da aka yi harbe-harbe kusa da turkensa, dokin ya samu firgita. Da ya ji ƙarar babur sai ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, idanu a waje. Ba a ma taɓa horar da shi ga sirdi ba, kuma bayan wannan babu wanda ya yi gigin hawansa.

Alu ya ce, "Wanga sai dabara. Mi za ka rubuta?"

Na zauna a kan buhun dusa ina tunani, sai jimlar ta zo mini, na ji daɗinta har na tafa. Na rubuta, "Akawal, matashi, lafiyayye. Bai taɓa kayar da kowa ba." Alu ya yi dariya har da riƙe ciki. Gaskiya ce tsantsa, tunda ba wanda ya taɓa zama a bayansa.

Wanda ya kira wani saurayi ne daga Katuru mai suna Nasiru. Ya ce wa mahaifinsa zai saya, Malam Tukur, mai ɗorin karaya a ƙauyukansu. Tsoho ne, gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, da damina kuma babur ba ya ratsa hanyoyin da ake kiransa. Ya ce da ni, "Don Allah dan Annabi ka hwaɗa min gaskiya, tsoho na za shi hau. Abin da kar rubuta haka yake?"

Na ce, "Kowace kalma."

A nan ya kamata in tsaya. Ya haɗa ni da Allah, ya gaya mini tsoho ne. Ban tsaya ba. Ranar da za su zo dubawa, ni da ƙafata na je na sayo maganin sa barci, Alu ya cuɗa shi cikin dusa. Suka tarar da doki ya sunkuyar da kai, ko ƙuda ba ya kora. Malam Tukur ya shafa wuyansa, ya sa mana albarka, ya ce mun taimaki marasa lafiya da yawa. Na ce amin da bakina. Suka biya kuɗi, suka tafi da dokin.

Ba a daɗe ba aka kira shi wani ƙauye, wata mata ta karye a hannu. Aka ɗaura sirdi, aka ɗora shi. Sun fito bakin hanya kenan wani ɗan acaɓa ya wuce. Dokin ya miƙe, ya koma ta baya, ya danne tsohon. Ƙashin bayansa ya karye daga wuya. Mutumin da ya ɗora ƙasusuwan rabin yankin, nasa ba mai iya ɗorawa.

Alu ya tsallaka iyaka kafin labari ya gama bazuwa. Ni kuwa lambata ce a jikin tallar. A gaban alƙali na sake jawo tsohuwar dabarata, na ce a nuna mini ƙarya a cikin rubutun. Alƙali ya dube ni ya ce, "Kafin Malam Tukur, mutum nawa sunka hau dokin ga?" Na fara kame-kame. Ya sake tambaya. Na ce babu. Mai kantin maganin ma ya zo ya shaida ni. Aka yanke mini hukuncin zamba, aka wuce da ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin kwarkwata da gabzar da ake ba mu mu ci ba, wannan duk mai sauƙi ne. Ina ciki mahaifiyata ta rasu, ba a bari na raka gawarta ba. Yarinyar da nake nema ta yi aure, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya fi cina shi ne muryar Nasiru a waya yana haɗa ni da Allah. Na tuba a can, na yi kuka, na koma ga salla. Amma wani malami da ke zuwa yi mana wa'azi ya gaya mini abin da na riga na sani, cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Da na fito, ban kwana biyu ba na nufi Katuru. Nasiru ya gan ni a ƙofar gida, ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga mini labule. Malam Tukur yana kwance a kan tabarma, ya rame, hannuwansa a gefe ba sa motsi. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne, na roƙe shi gafara ina kuka.

Ya juyo da idanunsa gare ni. Sannan ya ce, "Yaro, na so in yahe maka. Kullum ina roƙon Allah shi ba ni ikon haka. Bakina na iya hwaɗi yanzu ka tashi ka tai, amma zuciyata ba ta kai can ba. Ka dawo bayan kaka, ko Allah ya sa ta sauko."

Na koma gida ina ƙirga lokaci. Na yi dako a kasuwa, tunda ba mai ba ni ko tallar kaza. Da aka gama yankan gero na sake hawa mota zuwa Katuru. Na tarar an yi sadakar bakwai ɗin Malam Tukur. Na tambayi Nasiru ko tsohon ya bar mini wata magana kafin ya cika. Ya ce bai bar ba.

To, ku matasa, ga ni nan. Na fito daga gidan yari, amma shari'ata ta wurin Allah tana gaba, kuma ban san yadda za ta kaya ba. Idan an ba ku abu ku tallata, doki ne ko akuya ko waya, ku fara rubuta aibinsa kafin kyansa. Idan mai saye ya fahimci abin da ba haka yake ba kuka yi shiru, kun yi ƙarya, ko da kowace kalmarku gaskiya ce. Ranar da wani ya haɗa ku da Allah a kan ciniki, ku ajiye cinikin ku gaya masa. Ni ban yi ba, kuma mutum ɗaya da zai iya sauke mini wannan kaya yana cikin ƙasa.