Garba Kusasu, Amma Ba Wancan Ba

Ku da kuka san Kawu Garba, kun san ba a taɓa kiransa ya ce "Na'am" ba. Sai dai ya karkata hula ya ce, "Wanne?" Wallahi ko Inna Ladi, matarsa, ta ce, "Malam, ga tuwo," sai ya tambaya nasa ne ko na wancan.

Turawa ne suka ja masa. A wurinsu mutum bai cika mutum ba sai da suna biyu, in ba ka kawo na biyu ba su liƙa maka na garinku. Da aka kwashi Kawu aikin soja, sai ya zama Garba Kusasu. Ashe a makarantar boko ma an yi wa wani yaro, shi ma Garba ɗan Kusasu, haka. Kawu ya dawo da ɗingishi, ya koma ɗaura amya a bishiyoyin daji yana cire zuma. Yaron kuwa ya girma ya zama malamin daji mai keke, shi ya shata gandun dajin gwamnati, ya kori manoma da makiyaya. Suna ɗaya: shi albashi, Kawu tsinuwa!

Wata ranar kasuwa a Birnin Gwari, wani Arɗo da aka korar wa shanu ya yi ta cigiyar Garba Kusasu har aka nuna masa Kawu zaune gaban tulun zumarsa. Ya zazzage masa Allah-ya-isa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci.

Kawu ya ce, "Arɗo, dubi ƙafata. Ka taɓa ganin ma'aikaci da faso irin wannan?"

Arɗo ya duba, ya ce, "To, ka kai masa. Ai sunanku ɗaya."

Kun san Kawu da amana! Ya rufe tulu, ya ɗingisa har ofishin malamin daji, ya isar da saƙo cikin harshe biyu, ko kalma bai rage ba. A hannun 'yan doka ya kwana.

Ba a jima ba masu gadin daji suka sauke amyoyinsa kaf suka cinna musu wuta. Ya koma ofis ɗin nan.

Ya ce, "Takwara, amyoyin nan fa sun girme ka."

Malamin daji ko ɗago kai bai yi ba. "Ba ni da takwara. Kuma kana ɓata mini suna a kasuwa. Daga yau ka koma Garba Mai Zuma."

"Wace zumar? Wadda ka ƙona? Ni a Kusasu aka binne cibiyata, kai ko hanyar rijiyar garin ba ka sani ba. Kai ka sake naka!"

Sana'a ta tafi, ya koma sassaƙa ƙotar fartanya, amma sunan nan ya riƙe shi gam, da tsinuwar da ke biye da shi.

Ranar da ya rasu, labari ya riga mu fita. A garin Kakangi, da suka zaci malamin daji ne, har guɗa aka yi, wata tsohuwa ta raba fura don murna. Da aka ce musu ai mai zuman ne, sai suka ce, "Af!" suka koma gona. Wancan kuwa yana nan da ransa, har lambar yabo Turawa sun rataya masa. Ko gaisuwa bai aiko ba.

Muna tsaye bakin kabari liman ya ce a yi wa Garba Kusasu addu'a. Na kasa kunne ina jiran muryar nan ta ce, "Wanne?" Shiru.

Ya Allah, Kai ba sai Ka tambaya ba, Ka san wanne ne. Ka jiƙansa, Ka shayar da shi zumar da babu mai ƙona ta.